Ƙaurar Uwar 'Yan Tsaki

Yayyafi aka wuni ana yi ranar da mai kawo kaya ya shaida mata an daina ƙera guntun lantarkin da take sa wa injinanta. Uwar 'Yan Tsaki ake ce mata a layin, don injin ƙyanƙyasar ƙwai ne sana'ar gidan. Mijinta mai walda ne, shi ke haɗa akwatin a ƙofar gida. Ita kuma tana ɗakin tsakiya gaban kwamfuta, tana rubuta umarnin da ake ɗura wa guntun nan mai faɗin farce. Shi ke kunna zafi, ya kashe, ya juya ƙwai in lokaci ya yi.

Sabon guntun da ya maye gurbinsa ba ya jin tsofaffin kayan aikinta. Dole ta kwashe rubutun shekara da shekaru ta mayar kan sabon tsarin da masu manhajar suka fitar. Ƙaura ta sa wa aikin suna. Da ta faɗa a gida za ta yi ƙaura, surukarta ta ajiye tsintsiya, ta tambayi ɗanta me ya yi wa 'yar mutane.

Ta sha fama. Abin da ta saba kira da suna kaza ta tarar an sake masa suna, wani kuma an cire shi baki ɗaya. Kwamfuta ta yi ta zubo jan rubutu mai nuna kuskure, ita kuma tana gyarawa layi-layi, har ranar da kwamfutar ta yi shiru.

Injin farko na sabon tsarin yayanta mai kiwon kaji ya ɗauka, ya cika shi da ƙwai. Lokaci ya cika, ko ɗaya bai fashe ba. Bai yi faɗa ba. Ya kawo tiren ya ajiye a bakin ɗakinta ya juya. Shi ne kuwa mai turo musu sauran masu kaji.

Maigidan ya ce bari ya zaga kasuwanni ya tattaro ragowar tsohon guntun, a huta.

"Ragowa ƙarewa take yi, Baban yara," in ji ta. "In ta ƙare, mu nufi ina?"

Ta dafa ƙwai, ta ɗiga wa kowanne gawayi a gefe ɗaya, ta jera a injin, ta jawo kujera gaban gilashin. Surukar ta leƙo tana tambaya ko sabon tsarin har dafaffe yake ƙyanƙyashewa. Kafin shayinta ya huce, baƙin ɗigon ya koma dama, ya dawo hagu, ya sake komawa. Ashe lambar da ta rubuta ta jira, tsohon tsari da dogon taki yake ƙirga ta, sabon da gajere. Lambar ba ta canja ba, shi ya sa kwamfuta ba ta ce komai ba. Ƙwan yayanta jijjiga ya sha.

Ta bi duk inda ta taɓa rubuta jira, ta sake aunawa. Sannan ta je wurin yayan da kanta, ta gaya masa laifinta ne, ta roƙi wani ƙwan.

"Ke tun kina ƙarama kanki da tauri," ya ce. Rabin tire ya ba ta.

Rabin nan ya fashe, in ban da kaɗan. Ya aiko da cikakken tire, ya kuma turo maƙwabcinsa.

Tana nan a ɗakin tsakiya har yanzu. Duk injin da ya fita daga gidan, kan sabon tsarin yake.