Tafiyar Uwaliya da Mijinta Zuwa Kano

Uwaliya mai zare mutuniyar Kwargaba ce, aure ya kawo ta Rimawa. Gajeriya ce, baƙa, mai saurin tafiya, ba ta da yawan magana. Mijinta Mainasara maɗinki ne, wanda ake neman hulunansa da aikin wuyan rigarsa har kasuwar Goronyo da ta Wurno. Sun haifi 'ya'ya huɗu, biyu suka rayu, dukansu mata, kuma kowace tana ɗakin mijinta sa'ad da wannan abu ya faru.

Idon Mainasara na dama ne ya fara gani dishi-dishi, daga baya farar yana ta rufe shi, ta koma na hagu. An gwada tozali, an sha rubutu, an turara saiwoyi, ba a dace ba. Ya ajiye allura ya koma zaure yana tufka igiyar rama da lalube. Bai taɓa kuka da halinsa ba, amma ya daina zuwa hira ƙofar masallaci, ya daina tsokanar matarsa kan gishirin miya. Wannan shirun ne ya fi damun Uwaliya.

A shekarar da sojoji suka dawo daga yaƙin Bama, wani ɗan garin mai suna Lawwali ya zo gaishe shi. Cikin hira ya ce a Kano akwai asibitin ido inda Turawa ke cire yana, ya ga tsohon da aka kai a jaye ya fito da ƙafarsa. Ya ce ana hawa jirgin ƙasa daga Gusau. Uwaliya tana daga tsakar gida tana ji. Abin da ke hannunsu bai kai kuɗin jirgin mutum ɗaya ba, ta sani, amma ta kwana biyu tana juya maganar.

"Malam," ta ce da shi wata safiya, "in anka gama yankan gero, tahiya za mu yi."

"Ina?"

"Kano."

"Da mi, Uwaliya?"

"Da ƙahwa. Ido na ka rasa, ƙahwarka lahiya lau take. Ni ko ina da idon."

Dangi sun yi ta hana su, 'ya'yansu suka yi kuka. Ita dai ta ci gaba da dakan gumba. Ta haɗa dakuwa da ƙuli-ƙuli a ƙwarya, ta naɗe tabarma da gwado ɗaya, ta ɗaura buta da gora, ta sa mazarinta da auduga a cikin ƙwaryar. Ranar tafiya ta riƙe kan sanda, ya riƙe gindinta, suka fita bayan sallar asuba.

Suka bi ta Wurno suka gangara Rabah, aka haye da su gulbi. Tafiyarsu ta safe ce da ta yamma. In rana ta take sai su nemi inuwa, ita ta hau kaɗi, shi ya hau tufka. Ranar kasuwa a kowane gari suka tarar, ta sayar da zare da igiya ta sayi gero. Masauki kuwa duk inda magariba ta same su: gindin tsamiya kusa da zangon fatake, ko rumfar kasuwa bayan an watse. Takan share wurin da reshe saboda kunama, ta hura 'yar wuta, ta shafa masa man kaɗe a fason ƙafa, sannan su lulluɓa da gwadon, baya da baya.

A hanya ita ce idonsa. Takan gaya masa ga gonar dawa, ga raƙuma da gishiri, ga rami ya ɗaga ƙafa. Amma abin da ya fi so shi ne in sun yi kiciɓis da mai babbar riga. Da mutumin ya wuce sai ya tambaya a hankali, "Wane aiki na ga wuyan?" Ta ce aska biyu ce, da koren zare, tambarin ya ɗan karkace. Sai ya girgiza kai ya ce maɗinkin gaggawa ya yi. Haka ya yi ta gyara rigunan mutane da baki har Bakura, kuma a nan hanyar ne ta sake jin dariyarsa.

Kafin su kai can, wani abu ya faru a wata ruga gaba da Gandi. Guzuri ya ja baya, zare bai samu kasuwa ba. Uwaliya takan dama gumba ta miƙa masa, in ya ce ta sha sai ta ce ta riga ta sha tun yana alwala. Wata tsohuwar Bafulatana da ake kira Goggo Maimuna ta gan su gindin gawo, ta kawo musu ƙwaryar nono. Ta tsaya ta ƙare wa Uwaliya kallo, ta ce, "Ke ɗiyata, yaushe rabonki da abinci? Wuyanki duk ya zama igiya."

Uwaliya ta yi mata alama da ido, amma magana ta riga ta fita. Mainasara ya bari tsohuwar ta tafi. Sannan ya miƙa hannu ya laluba har ya kama tsintsiyar hannun matarsa, ya zagaye ta da yatsa biyu, ya daɗe a haka.

"Don ba ni gani shi na kinka yi min hakanga?"

"Kai ad da jinya, Malam."

"In kinka hwaɗi cikin dajin ga, wa za ya ja wani?"

Daga ranar ya kafa doka: ludayi ɗaya, ita ta sha, shi ya sha, kuma sai ya ɗora yatsunsa a maƙogwaronta ya ji ta haɗiye. Tana jin kunya in da mutane kusa, amma bai taɓa ɗaga mata ba. Goggo Maimuna ta riƙe su har suka murmure, ta sallame su da curin man shanu da gero a ƙullin zane.

A Gusau suka ji kukan jirgi. Ya ce ta kai shi kusa ya ji da kyau. Suka tsaya bakin dogo har ya wuce, ƙasa tana rawa ƙarƙashin ƙafarsu, ya ce ashe haka yake, suka ci gaba. Zazzaɓi ya kwantar da shi a duwatsun Tsafe, ya ce su koma gida ya mutu cikin dangi. Ta ce gida ya fi Kano nisa yanzu. Ba ta san ko gaskiya ce ba, amma ya tashi.

Sun fi wata a hanya. A Kano suka tarar da irinsu da yawa a gindin itatuwan bakin asibiti, suka shimfiɗa tabarmarsu cikinsu har layi ya zo kansu. Aka yi masa aiki, aka naɗe fuskar. Ranar da aka kwance, idon hagu bai yi ba, na dama ya buɗe. Ya yi ta ƙifce-ƙifce, hawaye na zuba, har ya tsayar da kallonsa a kan matar da ke tsugune gefen gadon.

"Uwaliya, yaushe kinka yi hurhura?"

"Kana nan zaune, Malam," ta ce, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Da ƙafa suka koma, suka iso Rimawa kafin ruwan shuka, yana sanye da tabarau mai kauri wanda yaran gari suka yi ta bi suna kallo. Aikin wuyan riga bai komu ba, idon bai kai nan ba. Amma ya yi faci, ya koyar da samari biyu ɗinki, ya kai kansa masallaci, ya ga fuskokin jikokinsa ɗaya bayan ɗaya. Ya rasu 'yan shekaru kafin Turawa su tafi.

Uwaliya ta daɗe bayansa, kuma ba ta ƙara wuce kasuwar Goronyo ba. Matan gari sukan zo su zauna tana kaɗi, su ce ta ba su labarin Kano, da ganuwa da kasuwa da benaye. Sai ta ce ita ba ta ga wani abin kirki ba, hankalinta na kan mutum ɗaya. Abin da ta riƙe kawai, ruwan rijiyarsu bai kai na Rimawa daɗi ba.