Tulun Zumunta da Rezar Wanzami

Ko tsufa ya cinye ni, ba zan manta da Kirsimetin da muka yi a ƙauyenmu na kusa da Kachia ba, shekarar da ɗanmu ya doshi shekara uku bai taɓa cewa ko "Mama" ba. A Kafanchan muke zaune, ina koyarwa. Duk wanda ya shigo gidanmu sai ya ba da shawara. Wani ya ce yare ya yi masa yawa, wata ta ce a yi azumi. Ni kuwa tsoro ya cika ni, sai dai ban nuna ba.

Washegarin Kirsimeti gwaggona, wadda ba a ja da maganarta a gidanmu, ta aika aka kira wani wanzami. Ta ce jijiya ce ta ɗaure harshen yaron, a tsaga ƙarƙashinsa kawai. Mutumin ya zauna a gindin mangwaro ya ciro reza. Babana kuwa ya amince.

Matata mace ce mai kunya, ko gaisuwa a gaban surukai da kyar ake jin muryarta. A zumuntar matan coci ita ke buga tulu, wannan babbar tukunyar da ake dukan bakinta da soso. Sai ga ta ta fito ɗauke da tulun cocin ƙauyen, ta durƙusa a gaban babana.

"Baba, ku yi haƙuri, ku duba abu ɗaya tukuna," in ji ta.

Yaron yana wasa da ɓawon citta, ya ba mu baya. Ta kira sunansa, bai juyo ba. Ta sa gwaggo ta kira, da muryarta da ake ji har rafi, ko motsi bai yi ba. Sai ta zauna ta buga tulun. Nan take ya tashi da gudu, ya manna kumatunsa a jikin tulun yana dariya.

"Haka yake yi kullum in muna koyon waƙa," ta ce. "Waƙan ba ya ji, bugun ne yake ji a jikinshi. Bakinshi lafiya, Baba. Kunne ne."

Gwaggo ta ce, "Yau kuma yarinya za ta koya mana reno?" Babana ya daɗe yana kallon jikansa, sannan ya ce wa wanzamin ya mai da rezarsa, a ba shi shinkafar Kirsimeti ya ci.

A asibiti aka ce ruwa ne ya taru a cikin kunnuwansa, aka yi masa aiki. Maganar ba ta zo a rana ɗaya ba, amma ta zo. Yanzu gwaggon nan ce ke cewa a kama mata shi, surutunsa ya hana ta barcin rana.

Har yau ina jinjina wa matata. Dukanmu mun zuba wa bakin yaron ido muna jiran ya yi magana, ita kaɗai ta tsaya ta lura da abin da yake yi. Tun daga ranar na koyi cewa yaron da bai fara magana ba yana faɗin damuwarsa ta wata hanya, kuma kafin a taɓa jikinsa, a fara sauraron wadda ke yini da shi.