Miyar Inna Ba Mai

Gidanmu yana wani ƙauye kusa da Kebbe, kuma muna da shanu. Inna, mahaifiyata, ita ke tatsa. Na fi tuna ta a tsugune gindin saniya da sassafe, ƙwarya tsakanin gwiwoyinta, tana yi wa maraƙi magana kamar ɗan da ta haifa. Nonon kasuwa yake tafiya. Idan an yi nama, maza da baƙi ake fara zuba wa, sai mu yara. Ita romo take samu.

Wata damina ta yi zazzaɓi mai tsanani. Da ta tashi, idanunta sun ɗan yi rawaya. Gwaggo, yayar Baba, ta ja fatar idon ƙasa da yatsa, ta duba.

"Ciwon shawara ne. Daga yau ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba nono, ba man shanu, sai idon ya washe."

"Har nonon, Yaya?" in ji Inna.

"Ke dai kwaɗayinki shi zai kashe ki."

Aka yi dariya, har da Innar.

Aka ware mata tukunya. Tuwon dawa da miyar kuka tsura, kunu, sai jiƙon sassaƙe mai ɗaci. Lokacin ina makarantar kwana a Tambuwal, saboda haka hutu-hutu nake ganin ta, kuma kowane hutu sai na tarar an rage mini wani abu daga cikin uwata. Da farko launinta ne ya tafi, tafin hannunta ya yi fari kamar an wanke lalle. Sai harshenta ya yi ja, ya yi sulɓi, ko barkono kaɗan ba ta iya ci. Rawayar ido kuwa ba ta tafi ba. Duk sanda Gwaggo ta duba, sai ta ce ciwon ne bai fita ba, a ƙara tsananta hanin.

Da Babbar Salla ita ta yini a bakin murhu tana suya. Ƙamshi ya cika gida. Ƙanena ya miƙa mata tsoka, ta ture hannunsa a hankali.

"Ci abinka, ɗana. An hana ni."

A hutun da ya biyo baya ta ce mini, "Ɗiyata, duba mini ƙafar nan, kamar tururuwa na tafiya a ciki." Na duba, ba komai. Bayan wani lokaci takalminta ya riƙa zamewa a hanya ba ta sani ba. Ƙaya ta soke ta, sai jini muka gani a ƙasa. Ranar da ta faɗi da ƙwaryar nono a bakin garke, ta kasa tashi, ranar Baba ya nemo mota muka kai ta asibiti a Tambuwal.

Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta sa aka gwada jini, ta tambaye mu abin da Inna ke ci. Da na lissafa, sai ta ajiye biro.

"Tun yaushe?"

"Damina ta uku ke nan," in ji Baba.

Ta ce jinin ya yi ƙasa sosai. Ta ce akwai wani sinadari da jiki ba ya samu sai daga nama, kifi, ƙwai ko nono, kuma rashinsa kan sa ido ya yi rawaya, ya kuma lalata jijiyoyin ƙafa. Wato hanin da ake yi mata da sunan magani, shi ne ke riƙe da ciwon.

"Ƙafar za ta dawo?" na tambaya.

"An daɗe," ta ce. "Za mu yi iya ƙoƙarinmu."

Aka yi ta yi mata allura. Baba ya riƙa sayo hanta duk ranar kasuwa, shi da ke da garke a bayan gida. Jini ya dawo, idon ya washe, ta yi kumatu. Gwaggo ta zo dubiya, ta ja fatar idon, ta gyaɗa kai.

"Kun gani? Da ba mu tsare ta ba, da tuni an yi zaman makoki."

Inna ta yi mata godiya. Babba ce.

Ƙafar ba ta dawo ba. Yanzu Inna bango take dafawa daga ɗaki zuwa madafa, tana kallon ƙasa don ta san inda ta taka. Idan na je gida nakan wanke mata ƙafafun da ruwan ɗumi, in shafa mai. Takan tambaye ni ko na fara, alhali na kusa gamawa.