Dusar da Ta Toshe Bututun Gidan Dokta Bulus

A duk shekarun da na yi ina gyaran famfo a rukunin gidajen ma'aikatan jami'a a Wudil, akwai wata Talata da ban taɓa mantawa da ita ba. Da damina ne, saura shekara biyu in yi ritaya, gwiwoyina sun riga sun gaji da durƙuso a bakin kwatami.

Ga wanda bai san tsarinmu ba, mazaunin gida yakan kai koke ofis, a rubuta takardar aiki, shugaban sashe ya sa hannu, a miƙa wa mai gyara. In ka gama sai ka rubuta abin da ya jawo matsalar. In laifin mazauni ne, takardar takan wuce gaban kwamitin gidaje.

Koken ranar na Malam Auwalu ne, ma'aikacin ɗakin karatu, wanda ke zaune da iyalinsa a ƙasan wani bene. Ruwan wanke-wanke yana dawo masa tsakar gida, da wani tsami mai hawa kai. Karo na uku ke nan cikin wata biyu. Sau biyun farko sanda na zura, ruwa ya wuce, na kama gabana. Wannan karon na ɗaga murfin kwatamin na sa hannu har kafaɗa. Dusa na kwaso, jiƙaƙƙiya, ta tsirarriyar dawa. Ban taɓa shan giya ba, amma na yi aiki a Sabon Gari da ƙuruciya, na san warin.

Bututun daga sama ya sauko, daga gidan Dokta Bulus, malamin kimiyyar sinadarai, Kirista ɗan Filato, mutum mai shiru-shiru wanda iyalinsa ke Jos. Na hau na ƙwanƙwasa. Ya dubi hannuna, ya dubi dusar, sai ya matsa ya ba ni hanya.

A kicin na tarar da wata babbar tukunya, da bokitai biyu masu murfi, kowanne da siririn tiyo yana fitar da kumfa. Ga kwalabe a jere, ga wani littafi da ya cika da rubutu.

"Baba Sabo, ba sayarwa nake yi ba," in ji shi. "Ni kaɗai nake sha, kwalba ɗaya ranar Asabar. Kakata burkutu take dafawa. Da na je karatu waje na ga mutane suna haɗa tasu a gida, kowa da irin ɗanɗanonsa. Shekara huɗu ina neman yadda dawarmu za ta ba da abin da nake so. Wannan citta na sa mata, waccan kuwa tsamiya..."

Har ya manta halin da yake ciki, yana ta bayani kamar a aji. Ni kuwa ina tsaye, ruwan kwatami yana ɗiga daga gwiwar hannuna.

Na ce, "Dokta, ban hawo jin ɗanɗano ba. Hannun da nake alwala da shi na tsoma cikin wannan abu. Kuma 'ya'yan Malam Auwalu a cikin ruwan nan suke wasa. Ka san inda kake zaune kuwa?"

Can ya ce, "Me za ka rubuta?"

Ni ma tambayar da nake yi wa kaina ke nan. Ƙa'idar gidajen ta hana haɗa giya, kuma in kwamiti ya kore shi, shi ya jawo. Ba wannan ne ya tsorata ni ba. Na san garinmu. Kafin la'asar maganar ta isa tasha, bokiti biyu sun koma ganga ashirin. Na taɓa ganin abin da matasa ke yi in ransu ya ɓaci, kuma ba ƙofar Dokta kaɗai za su tsaya ba, har da ta sauran Kiristocin layin da ba su san komai ba.

Na ce, "Ba zan yi ƙarya saboda kai ba. Duk wanda ya tambaye ni ko giya na gani, zan ce e. Amma yau ɗin nan za ka kwashe komai. Kuma kada ka zuba mini a bututu."

Ya daɗe yana kallon bokiti ɗaya. Ya ce, "Saura kwana biyar ta nuna." Da rana tsaka ya loda su a bayan motarsa, ya rufa da buhu, ya yi hanyar Indabo, can bayan gari.

Malam Auwalu yana jira a ƙasa. "Malam Sabo, mene ne?"

"Dusa ce. Na yi masa magana, ba za a sake ba."

"Dusar me?"

"Ta dawa."

Ya kalle ni, ya ce, "Allah ya kyauta," ya shige gida.

A takarda na rubuta: dusar hatsi ta toshe bututu, an buɗe, an gargaɗi mazauni. Shugabanmu, Injiniya Garba, ya karanta ya cire tabarau.

"Kaji yake kiwo a saman bene?"

"Ranka ya daɗe, ban ga kaza ba."

Na tsaya ina jiran tambaya ta gaba. Ya jima yana dubana, sannan ya ce, "Zai sake toshewa?"

"Ba zai sake ba."

Ya sa hannu ya jefa ta a durowa.

Bututun bai sake toshewa ba. Ƙarshen shekarar karatu Dokta ya sami aiki kusa da gida ya tafi, ko sallama ba mu yi ba. Malam Auwalu kuwa har na bar aiki gaisuwarmu ba ta koma yadda take ba, kuma ban ga laifinsa ba. Wata rana in ga asiri na rufa, wata rana in ga ɓarna na ɓoye. Na yi istigfari a kan duka biyun.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, za ku shiga kicin da banɗakin mutane, inda ko 'yan uwansu ba sa leƙawa. Kada ku ɗauka tonon kwatami ne zai tsofar da ku. Shi wannan, sabulu yana wanke shi. Abin da kuka gano a gidajen mutane shi za ku riƙa komawa gida da shi, kuma babu mai sauke muku.