Kawu Yana Rabon Maganinsa Kamar Goro

Ina ɗaukar kwalin maganin Kawu na ji shi ba nauyi. Na zazzage, ƙwaya biyu kacal suka faɗo. Maganin hawan jini ne na wata guda, ni da kaina na kai masa Dandin Mahe daga Boɗinga, kwana tara ke nan.

Gabana ya faɗi. Na ce, "Kawu, ba dai bibbiyu kake sha ba?"

Ya ce, "A'a ɗiyata, guda nika sha, yadda likita yac ce. Sauran da 'yan dubiya munka sha."

Ashe duk tsohon da ya shigo zaure gaishe shi ya yi kukan ciwon kai, sai Kawu ya ɓallo ƙwaya ya miƙa masa.

Na ce, "Kawu, magani fa ba goro ba ne."

Ya dube ni kamar na yi saɓo. "Mutum shi taho duba ka, shina ciwo, kana da magani aljihu ka hana mai?"

Nan na tuna maƙwabcinsa Malam Bello, wanda jiri ya kayar a gona shekaranjiya, kowa yana cewa rana ce.

"Shi ma ya sha?"

"Kullum. Ai aminina na."

Washegari su biyun na kai asibiti.

Su suka koya mana cewa rowa abin kunya ce. Yanzu da wane baki zan ce wa Kawu ya hana amininsa? Don Allah ku ba ni shawara.