Jan Fentin da Aka Shafa wa Rijiyata

Assalamu alaikum. Ina roƙon ku ɓoye sunana da na ƙauyenmu, domin mutanen da zan yi magana a kansu suna nan da ransu, kuma 'yata tana hannunsu. A lokacin da abin ya faru ina zaune a wani ƙauye na ƙasar Kudan, cikin manoman rake. Mijina bai daɗe da rasuwa ba. Aikinsa feshi ne a gonakin mutane, famfo a baya tun safe har rana ta take, daga baya ƙafafunsa suka kumbura, aka ce ƙoda ce, Allah ya karɓi abinsa. Ya bar mini gida, da 'ya mace guda ɗaya wadda ba ta wuce shekara bakwai ba, da rijiya a farfajiyar da ke tsakanin zaure da cikin gida. Ruwanta garɗi gare shi kuma ba ta ƙafewa, shi ya sa rabin unguwa a nan suke ɗiba. Ni kuwa koko da ƙosai nake yi da safe a ƙofar gida. Na taɓa boko har ƙaramar sakandare, ga baki, ba a faɗa mini in yi shiru. Ban damu da gidan ba, ban damu da sana'ar ba kamar yadda na damu da yarinyar nan. Ita ce kaɗai abin da nake da shi a duniya.

Da rani, lokacin da maza duk sun tare a fadama wajen saran rake da dafa mazarƙwaila, sai ga wasu baƙi a farar mota, maza biyu da mace ɗaya, wai masu bincike ne daga wata jami'a, suna auna ruwan da mutane ke sha. Mai unguwa ya zaga da su. Duk gidan da suka je, maigida ba ya nan, ba a shiga. Ko da macen cikinsu ta shiga, matan suka ce ba za su bari a ɗebi ko cokali ɗaya ba sai da izinin mazansu. Sai wani ya ce a kai su gidan 'yar boko, ai ita ce mijin kanta. Ni kuma, Allah na tuba, har daɗi na ji. Na shimfiɗa musu tabarma, na cika musu faranti da ƙosai, ina ta jefa ɗan guntun Turancina don su san ba su faɗo hannun jahila ba. Da hannuna na zura guga na cika musu kwalabensu. A duk unguwar, rijiyata kaɗai aka auna.

Bayan wasu makonni suka dawo. Muka zauna a zaure, ni da su da mai unguwa. Babban cikinsu ya yi bayani a natse, ya ce sun sami ɓurɓushin maganin feshi da takin zamani a ruwan, ƙasa ce ke tsotsewa ta kai shi rijiya, musamman inda ake wanke famfon feshi kusa. Ya ce a daina sha, a bar shi ga wanki. Ya ce mai yiwuwa sauran rijiyoyin ma haka suke, za su dawo su auna kowacce. Kafin su tafi, ƙaraminsu ya buɗe gwangwani ya zagaye bakin rijiyar da jan fenti, wai alama ce don kada yara su sha. Bayanin ya tsaya a zaure tsakanin mutum biyar, fentin kuwa duk wanda ya leƙo ya gan shi. Suka shiga motarsu suka tafi. Damina ta zo ta wuce, wani ranin ya zo, ko ƙurarsu ba mu sake gani ba.

Ni da kaina na rufe rijiyar da kwano na ɗora dutse, na bi gida-gida ina faɗa wa mata. Na koma sayen ruwan burtsatse daga garin gaba don koko. Amma tun a makon farko na ga ciniki ya ja baya, a na biyu sai in soya ƙosai ya huce a gabana. Ina da wata aminiya, katangarmu ɗaya, wadda saboda ƙauna ta sa wa 'yarta sunana. Takwarar tawa ta rasu a daminar da ta gabata bayan amai da gudawa, kuma kullum a gabana take karyawa. Sai wata ta tambaya a wajen daka, wai duk rijiyoyin garin nan me ya sa tawa kaɗai ce da guba? Amsar a fili take, tawa kaɗai aka duba. Amma wa ke son wannan amsa? Aka tono mutuwar takwarata, aka tono ta mijina, aka haɗa da wata tsohuwa da ta shekara tana jinya tun kafin a kawo ni garin. Ba a daɗe ba maganar ta tashi daga kan ruwa ta dawo kaina. Aka ce ni mayya ce, har na'urar Turawa ta tabbatar. Ka ji fa. Alhali mazan da ke faɗin haka kullum yamma suna wanke famfunansu a gindin rijiyoyinsu, matansu kuma suna zuba man gyaɗa da ruwan sha a jarkokin maganin da suka ƙare.

Abin da na gani a watannin nan ba na yi wa maƙiyina fatansa. In na fito, uwa ta fizgi ɗanta ta tura shi bayan zaninta. An yi suna a maƙwabta na aika da tuwo, aka dawo mini da kwanon ko buɗe shi ba a yi ba, yarinyar da aka aiko ta ajiye shi a bakin zaure ta ruga. Aminiyata ta sa aka ƙara wa katangarmu tsawo. Ni kuma ga zafin kai, na tsaya a tsakiyar layi na zage su tas, na kira sunan kowa da abin kunyar gidansu. Sai aka ce to, ga shi nan, abin nata ya motsa. Liman ya yi wa'azi a kan zato da ƙazafi, Allah ya saka masa, amma bai kama suna ba, kowa ya gyaɗa kai ya fito ya ci gaba daga inda ya tsaya. Na je wurin mai unguwa na ce ya tara mutane ya maimaita abin da ya ji a zaurena. Ya ce ya tuna sarai, amma in yi haƙuri, ƙura za ta lafa da kanta.

Ana cikin haka zazzaɓi ya kama 'yata. Na kai ta ɗakin shan magani, aka ce na sauro ne, aka ba mu ƙwayoyi, na fara ba ta. Washegari da hantsi sai ga wan mijina da matarsa da wata gwaggonsu, mata kuma sun cika zaure suna leƙe. Ya ce ya ji yanzu na juyo kan jinin ƙaninsa. Ya ce in tsallaka ta. Ga wanda bai sani ba, a wajenmu in ana zargin mutum ya kama kurwar mara lafiya, sai a kwantar da mara lafiyar a sa shi ya tsallaka, wai ta haka zai sake ta. Na ce wallahi ba zan yi ba, 'yar da na haifa? Ya ce in na ƙi, to na nuna ba na son ta tashi, kuma yau ɗin nan zai ɗauke ta. In na yi kuwa, magana ta mutu, kowa ya kama gabansa. Gwaggo ta riƙe hannuna tana cewa 'yar nan, daure, taki ɗaya ne, ki rufe bakin mutane. Matar wan mijina ta ce ai a tuɓe ake yi, gwaggo ta roƙa aka tsaya a ɗankwali. Kaina ya ɗaure, abin da nake ji kawai shi ne zai ɗauke ta. Ban tsaya na yi tunanin cewa in ta warke an ce na sake ta, in ta mutu an ce na cinye ta ba. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida aka kwantar da ita. Na cire ɗankwali na ɗaga ƙafa. Idonta biyu, jikinta na rawa, tana kallona daga ƙasa. Sai ta ce, "Umma, me na yi miki?"

Na tsallaka. Magani ya yi aikinsa, kafin mako ya zagayo tana wasa da ƙasa. Wannan warkewa da na yi ta roƙon Allah ita ce ta gama da ni, domin yanzu gari ya ga hujja da idonsa. Wan mijina ya zo ya ɗauke ta duk da alkawarinsa, ya ce ba za a bar rai a hannuna ba. Tana kuka, amma da na miƙa hannu sai ta maƙale a jikin matarsa. Samari suka cike rijiyar da ƙasa da ɓaraguzai. Gidan kuwa ya zama ma'ajiyarsa, a ɗakin da na haihu yake tara buhunan taki da kwalayen maganin feshi. Na tattara kayana na koma Makarfi wurin yayana. Na so in kai ƙara, yayana ya ce in rufa masa asiri, yana da 'ya'ya mata, kada sunan ya biyo mu har nan. Na bi maganarsa, kuma har gobe ina jin haushin kaina da na bi. Duk Sallah ina ɗinka wa 'yata kaya in aika, a dawo mini da su a ƙullinsu. In na je da kaina a ce ta tafi makarantar allo, alhali ina hango takalminta a ƙofar ɗaki.

Shekaru suka ja, har aka sake turo wasu masu binciken, wannan karon da mata da yawa kuma da damina, maza suna gida. Suka auna rijiyoyin unguwar duka. Kusan babu wadda ta tsira, har da ta gidan wan mijina. Da labari ya iso ni, na tashi da sassafe na soya ƙosai irin wanda 'yata take so, mai albasa da yawa, na zuba a kwano na hau mota. Na shiga unguwar ina ganin jan fenti gida bayan gida, kuma ba a kira kowa maye ba. Yanzu sunan abin ƙaddara. Ba wanda ya ce mini yi haƙuri, sai sannu da zuwa, kwana biyu, kamar kasuwa na je na dawo. Na yi kiciɓis da tsohuwar aminiyata a hanya, na ce ta ga fentin gidanta? Ta sunkuyar da kai ta ce ta gani. Ta ce ko a wancan lokacin zuciyarta ba ta gama yarda ba, amma da ta ce jarkar da take zuba wa 'yarta ruwa ce, gara ta ce ni ce. Na wuce abina, don in na buɗe baki ba alheri ne zai fito ba.

A zauren wan mijina aka fito mini da 'yata. Ta zama budurwa, tsayin ubanta, har tafiyarsa. Ta durƙusa ta gaishe ni da ladabi irin wanda ake yi wa baƙuwa. Na fara yi mata bayani ina haɗa kalmomi da ƙyar, ta ce ta sani, an yi musu bayanin ruwan a makaranta, kuma ta daɗe da gane maganin asibiti ne ya warkar da ita. Daɗi ya kama ni, na buɗe kwanon na tura gabanta. Ta yi bisimilla ta ɗauki guda. Ta kai shi kusa da baki, ta tsaya. Ina kallo ta sake gwadawa, hawaye na zuba a kan hannunta. Daga ƙarshe ta mayar da shi cikin kwanon a hankali, ta ce, "Wallahi na yarda da ke, Umma. Cikina ne ya ƙi."

Yanzu in na ji a rediyo ana cewa bincike ya gano kaza, ko a kan tsadar hatsi, ko haƙƙin ma'aikata, ko taurarin da ke can sama, sai in ce ko a ƙofar wa aka tsaya aka gano shi, kuma wa aka bari da shi bayan mota ta tashi. Ban ce masu binciken sun yi ƙarya ba, gaskiya suka faɗa, wataƙila ma sun ceci rayuka. Amma ina roƙonsu, in za ku faɗi sakamako ku tara gari ku faɗa da ƙarfi, kada ku auna gida ɗaya ku shafa masa alama ku tafi. Ku kuma jama'a ku ji tsoron Allah, kafin ku ɗora wa mutum mutuwar wani ku duba abin da ke cikin jarkarku. 'Yan'uwana mata, duk wadda aka matsa wa ta yi wani abu don ta wanke kanta daga abin da ba ta aikata ba, kada ta yi, ko za a yanka ta. Ranar da na ɗaga ƙafar nan na amsa laifin da bakina ya ƙi amsawa, kuma a gaban yarinyar da ba za ta manta ba. Har yau ina suyar ƙosai a Makarfi, layinmu kaf ni suke jira da safe, manya da yara. Mutum ɗaya ce a duniya ba ta iya cin abin hannuna, ita ce kuma wadda na shayar.