Bobolon Hajiya

Wata shida na yi a Yawunde ina aikin sa-kai a wani ƙaramin asibiti ta wajen Nkomkana. Daga Zariya na je, ni ma'aikaciyar jinya ce, aka sauke ni a unguwar Briketeri, gidan wata dattijuwa da kowa ke ce wa Hajiya. Mahaifinta Bakatsine ne, amma ita a unguwar aka haife ta. Tana zaune da 'yarta mai ɗinki a shagon ƙofar gida.

Ranar da na iso aka kawo mini gasasshen kifi da wani dogon abu a nannaɗe cikin ganye, an ɗaure shi da zare. Suka ce bobolo ne, rogo ne ake jiƙawa har ya yi tsami. Ina kwance ganyen warin ya bugi hancina. Amma ni mutum ce mai kara har ta yi yawa, ga Hajiya ta zuba mini ido. Na gutsura na haɗiye da ƙyar, na ce, "Hajiya, ban taɓa cin abu mai daɗin wannan ba."

'Yarta ta fashe da dariya. "Mama, baƙuwarki santi take yi!"

Baki shi ke yanka wuya. Daga ranar Hajiya ta ɗauki abin a matsayin aikinta. Na unguwa bai yi mata ba, wai sai na wata mata a kasuwar Mokolo. Sau uku a mako take tafiya da ƙafa, ta gangara ta hau tudu da gwiwarta mai ciwo, don ta ce ba za ta matsu da mutum biyar a taksi saboda tafiyar nan da can ba.

Ni kuwa sai in karɓa da hannu biyu, in shige ɗaki, in tura shi cikin jaka. Da farko wata abokiyar aikina nake kai wa. Da ta tafi hutu, sai na koma jefa shi a kwandon shara na bayan asibiti. Abinci fa, ni da aka rene ni a kan ko ƙwayar shinkafa ba a takawa. Kullum ina cewa gobe zan faɗa mata, goben ta zo ta miƙo mini tana murmushi, in sake karɓa.

A wata na huɗu aka kwana biyu ana ruwa. Ina bakin aiki 'yarta ta kira ni. "Yaya, Mama ta zame a hanyar marshe. Muna lopital." Kasuwa da asibiti take nufi.

Ƙashin ƙugunta ne ya tsage. Da na shiga ɗakin da aka kwantar da ita, ta yi fayau, zanenta duk jar laka. Kafin in yi mata sannu ta nuna wata leda a gefen gado.

"'Yata, ga naki. Ko ƙasa bai taɓa ba, na riƙe shi gam."

Na zauna a bakin gadon. In akwai lokacin faɗin gaskiya, to wannan ne, kuma na sani. Amma ta yaya zan ce wa matar da ke kwance a karye ta faɗi ne a kan abin da nake zubarwa? Na kwance ganyen, na cinye shi tas a gabanta, babu kifi babu yaji, hawaye na zuba. Ta shafa bayana tana cewa in daina kuka, tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

Ni na yi jinyarta har na bar garin. Na yi mata wanka, na juya ta a gado, maƙwabta suna ta sa mini albarka, kowace albarka tana ƙona ni. Ta warke, amma ba ta ƙara taka ƙasa babu sanda ba, kasuwa kuwa ta bar ta ke nan.

Har yau mukan gaisa a waya. Bayan ta tambayi mutan gida sai ta ce, "Allah sarki 'yata, can ba ku da bobolo ko?"

Sai in ce, "Babu, Hajiya. Ina kewarsa."